Harafin da ke jikin kwalin shayi

Wata ranar Asabar a fadarmu ta Maradi, ana jiran gawayi ya kama, ina juya kwalin shayi a hannu. Na nuna wani zane a jikinsa, na ce wannan shi ne kakan kalmar shayi. Nan take gardama ta tashi. Wani abokinmu ɗan Jiratawa, wanda ya yi karatun allo sosai, ya ce: "Kai malam, bar mu da bokonka. Shayi Larabci ne, kowa ya sani." Yana da gaskiya, amma ba daga Larabawa tafiyar ta fara ba.

Ga harafin: 茶 (in injin hoto ya cinye shi, ku duba kwalin gidanku). Zane tara ne. A sama alamar ciyawa, a ƙasa wani abu kamar itace, a tsakiya kamar rufin bukka. Da can ana rubuta 荼, ana karanta shi tu, sunan ganyaye masu ɗaci, har da na shayi. A zamanin daular Tang, 618 zuwa 907, aka cire masa zane ɗaya tak don a ware shayi daga sauran. Littafin da Lu Yu ya rubuta kan shayi wajen shekarar 760 ya taimaka wa sabon harafin ya zauna.

Harafin Sinanci ma'ana yake riƙewa, kowane yanki kuma da yadda yake furta shi. A Beijin ana cewa chá, murya na hawa sama kamar mai tambaya. Wannan hawan yana ba mu wuya, don karin sautin Hausa ya san sama, ya san ƙasa, ya san faɗuwa, amma ba shi da mai tashi. A gaɓar Fujiyan kuwa, wajen Amoy, harafin nan dai te ake ce masa. Mutanen Holan da suka fara kai shayi Turai wajen 1610 sun ɗauki te, daga nan Faransawa suka sami thé ɗin da muka koya a lakkol. Ta hanyar tudu kuwa chá ya shiga Farisanci ya zama chay, Larabawa suka karɓa.

Ga hujjar da na ba abokina. Hausa tana da sautin c, na ci da cika da cuku. Da kai tsaye muka ji kalmar daga bakin Basine ko mutumin Farisa, da cayi muke sha yau, kamar yadda masu Suwahili ke cewa chai. Larabcin littafi ne ba shi da c, shi ya mayar da ita sh. Wato wannan sh ɗin tambarin Larabawa ne a kan kayan da suka taso daga nesa. Mu kuma muka ƙara wasali a ƙarshe, don bakin Bahaushe ya fi son rufe kalma da wasali.

Da na je Tibiri na ba kakana labarin, bai damu da Sin ba ko kaɗan. Ya ce: "Jikana, muna yara wannan abin na Buzaye ne da Larabawa, mu fura muka sani." Maganarsa ta dace da tarihi: koren shayi ya bazu cikin Sahara ne daga Maroko, musamman a ƙarni na 19. A Maroko atay suke cewa, a Senegal ataya, mu kuwa sunan da ke da sh ne ya zauna mana.

Abokin nawa bai sallama ba. Da aka zuba na biyu ya ce to, ai ko Sinawa ne suka haife ta, Larabawa ne suka yi mata suna. Na ce na yarda, ya miƙo min kofi.