Tukunya mai araha da abubuwan da ake ba iyaye kyauta

Ya kai maigida, ya ke uwargida, kun san lokacin da tukunya take shan wahala. Daga bazara har sabon hatsi ya nuna, rumbu yana yin ƙasa, farashi yana hawa a kasuwa, aikin gona kuma yana neman ƙarfi. A lokacin ne ake ƙara wa fura da kunu ruwa domin su ishi kowa. Babba yana iya jurewa. Yaron da bai kai shekara 2 ba kuwa ba ya iyawa, saboda cikinsa ƙarami ne. In ya cika da ruwa, babu sauran wurin abinci. Wannan yana cikin dalilan da suke sa gidajen likita na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa suke cika da yara masu tamowa a watannin damina. Wannan shafi zai nuna muku yadda ake ƙara wa abinci amfani da abin da yake cikin gida, da kuma abubuwan da hukuma take ba iyaye ba tare da biya ba.

Lissafin rumbu

Tanadi yana farawa tun da kaka. Tiya ɗaya ta hatsi tana kai wajen kilo 2 da rabi, buhu mai kilo 100 kuma yana ɗaukar wajen tiya 40. Gidan da yake cin tiya 1 kullum, buhu zai kai shi kwana 40, shekara kuma tana neman buhu 9 da ɗan ɗori. Ku sussuke dami ɗaya, ku auna tiya nawa ya bayar, ku ƙidaya dammunan da kuka zuba a rumbu. Ku rubuta wannan lissafi a littafinku na karatu. Da shi za ku san watan da abincinku zai ƙare, tun kafin ku fitar da ko tiya ɗaya don biki ko sayarwa.

Abin da ya fi cutar talaka shi ne sayar da wake da araha da kaka don tsoron ƙwari, sannan ya dawo ya saye shi da tsada da bazara. Akwai maganin wannan. Ku shanya wake ya bushe ƙarau, ku zuba shi a bido mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba, ku cika shi har baki, ku rufe gam. Ƙwarin da suke ciki za su mutu saboda rashin iska. Haka buhun nan mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, yake aiki: leda 2 a ciki, buhu a waje, kowace a ɗaure ta daban. An fara yaɗa shi a ƙasashenmu a shekarar 2007, kuma ba ya bukatar a zuba wa waken guba. Sharaɗin dai kada a riƙa buɗewa. Ku ware na cin wata ɗaya daban, sauran ku bar shi a rufe.

Kunun yaro

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri. Ba ya bukatar ruwa ko jiƙo, ko da a zafin watan Afrilu, domin akwai isasshen ruwa a cikin nonon. Babu abincin da ya fi wannan araha. In ya cika wata 6 sai a fara ba shi kunu, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Kunun hatsi zalla yana cika ciki, amma ba ya gina jiki yadda ake so. Hatsi yana ba da ƙarfi. Wake yana kawo abin gina tsoka wanda hatsi ya gaza da shi, gujiya kuma tana kawo mai. In an haɗa su uku, an samu abinci mai kyau ƙwarai ba tare da an sayi nama ba. Ga yadda ake haɗa garin. Ki ɗauki gwangwani ɗaya ya zama ma'auninki. Ki auna hatsi 3, wake 1, gujiya 1. Ki surfa hatsin, ki wanke, ki shanya. Ki cire wa waken ɓawo. Gujiyar kuwa ki tsince ta da kyau, ki zubar da duk wadda ta yi funfuna, ko ta motse, ko ta yi baƙi, domin irin wannan tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe gubar. Ki soya kowanne daban a busasshiyar tukunya, sama-sama, har ya yi ƙamshi. Sai ki haɗa, ki daka ko ki kai inji, ki tankaɗe, ki ajiye a mazubi mai murfi. Kada ki yi wanda ya wuce na mako 2, saboda man gujiya yana canja ɗanɗano in ya daɗe.

Wajen damawa, ki kwaɓa garin da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa, ki riƙa motsawa har wajen minti 10. Ga gwaji mai sauƙi: ki ɗebo kunun a cokali, ki karkata shi. In ya zube kamar ruwa, ya yi tsararo. In ya tsaya ya sauka a hankali, ya yi daidai.

A nan uwaye da yawa suke cewa yaro ba ya iya haɗiye kunu mai kauri. Gaskiya ne, amma ƙara ruwa ba shi ne mafita ba. Garin tsiro yana sassauta kunu ba tare da an ƙara masa ko ɗigon ruwa ba. Ki jiƙa hatsi tsawon dare, ki tsane shi, ki baza a kan tsumma mai tsabta, ki rufe da wani jiƙaƙƙe, ki riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana 2 ko 3 zai tsira. Ki shanya shi a rana ya bushe, ki murje tsiron ki sheƙe, ki niƙa. In da dawa kika yi, ki tabbata kin fitar da tsiron da saiwar duka, domin tsiron dawa yana da guba. Sa'ad da kika sauke kunu mai kauri ya ɗan huce, ki barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na wannan gari, ki motsa. Cikin ƴan mintoci za ki ga ya saki. Ki mayar da shi wuta ya tafasa sau ɗaya. Yanzu yaro zai sha da sauƙi, kuma kowane cokali cike yake da abinci.

Ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a yini. A fara da cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9 a ba shi sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar mangwaro, gwanda, ko dafaffen dankali. Ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, ki zauna kusa da shi. Ƙaramin da aka haɗa kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma 2 sun share. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu, kuma kada ki ba shi kunun da ya yini a buɗe sai kin sake tafasa shi.

Da damina zabi suna yin ƙwai da yawa. Kafin a kai kasuwa, a dafa wa yaro ɗaya. Maganar da ake yi cewa ƙwai yana koya wa yaro sata ba ta da tushe ko kaɗan.

Miya da ganye

Miya ita take mayar da tuwo cikakken abinci. Zogale, kuka, yakuwa, rama, lalo da tafasa suna ƙara jini, suna kare ido, kuma yawancinsu ana samun su a gona ko a bayan gida. Da damina, lokacin da suke da yawa, ku tsinka ku busar don bazara. A busar a inuwa mai iska, domin rana tana ƙone wani sashe na amfaninsu. Ganyen da ya bushe a inuwa yana riƙe launinsa kore. A daka shi, a ajiye a rufe. Cokali ɗaya na garin zogale yana shiga kunun yaro ko miyar gida.

Ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a cikin miyar ganye yana taimakon jiki ya amfana da ganyen. Lemun tsami ko tumatir yana taimakon ƙarin jini. Shayi kuwa yana hana wannan aiki in an sha shi tare da abinci, saboda haka mace mai ciki ta jinkirta shi. Daddawa, busasshen kifi da aka daka har ƙaya, fara, da awara duk suna gina jiki, kuma ba su kai nama tsada ba. Dunƙulen ɗanɗano da ake saye kullum yana daɗaɗa baki ne kawai, yawancinsa gishiri ne. Gishirin gida ya zama mai ayodin, wanda yake kare mutum daga maƙoƙo, a ajiye shi a rufe nesa da laima.

Kai kuma maigida, ka yi wannan lissafi da kanka. Dala 20 ta shayi ko taba kullum, a wata ta zama jika 3. Ka tambayi kasuwa tiya nawa ta wake jika 3 take saye da kaka.

Itace ma kuɗi ne, ko kuma tafiyar uwargida da ƴaƴanta mata zuwa daji. Waken da aka jiƙa tun dare yana nuna da sauri, ba sai an cika masa kanwa ba, wadda take rage masa amfani in ta yi yawa. Tukunya a rufe ta fi saurin tafasa. Murhun da aka kewaye da laka, ko na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, yana tare iska, yana tara zafi ƙarƙashin tukunya, saboda haka ya fi murhun duwatsu uku ƙarancin cin itace.

Abin da ake bayarwa kyauta

Tun shekarar 2006 dokar Nijar ta ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a ba shi magani kyauta a gidajen likita na gwamnati. Haka awon ciki da tsarin tazarar haihuwa. Tiyatar fito da jariri ta zama kyauta tun 2005, a shekarar 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin jinya a asibitocinta, ta sanya haihuwa cikin abubuwan da ba a biya. Gaskiya ne wani lokaci magani yakan ƙare, a rubuta muku takarda ku je ku saya. Don haka ku ajiye ɗan abu a gefe. Amma wannan bai zama dalilin zama a gida da yaro mai zazzaɓi ba. Jinkirin kwana 2 yakan jawo tafiya babban asibiti da sayar da akuya.

Allurar rigakafi kyauta ce. Ana yin ta da haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, sannan akwai wata a shekara ta biyu. Daga wata 6 zuwa shekara 5 ana ɗiga wa yaro bitamin A kowane wata 6, daga shekara 1 kuma ana ba shi maganin tsutsar ciki. Mace mai zuwa awo tana samun ƙwayoyin ƙarin jini, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da sange mai magani in akwai. Sangen na kwana ne, a rataya shi kowane dare. Ba na rufe shuka ba ne.

Da damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ma'aikata suna rarraba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata. Maganin na kwana 3 ne. Na ranar farko a gabansu ake sha, na sauran kwana 2 suna barin shi a hannun uwa. In ba a cika ukun ba, kariyar ba ta cika ba.

Ku nemi a koya muku awon damtse da igiyar nan mai launi uku. An gwada koya wa uwaye wannan awo a yankin Mirriya, aka ga suna yin sa daidai. Ana auna tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa tamowa ce mai tsanani, a kai shi likita a ranar. Haka in kika danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa, ramin ya tsaya bai koma ba. Maganin tamowa kyauta ne. Abincin leda mai gujiya da ake bayarwa, wanda mata suke kira biskit, an auna shi ne daidai da nauyin yaron. Raba shi da sauran yara ko sayar da shi yana mayar da jinyar baya.

Akwai kuma kyautar da ya kamata a yi hattara da ita. Madarar gwangwani da wani ya ba mai jego tana sa jariri ya rage tsotso, nono ya ragu. In gwangwanin ya ƙare, sai saye, ga kuma haɗarin zawo daga ruwa da bulumboti marasa tsabta. Haka wanda ya zo ya ce ku biya kuɗi a rubuta sunanku cikin masu samun taimako: ku tambayi maigari ko ofishin magajin gari kafin ku ba shi ko dala.

In zawo ya kama yaro, ku karɓo garin gishiri da sukari na likita da ƙwayoyin zinc, waɗanda ake sha kwana 10 zuwa 14. Kafin ku isa can, ku haɗa na gida: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada a daina nono, kada a hana shi abinci. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a yini har mako 2, domin ya mayar da nauyin da ya zubar. Duk zuwa likita ku tafi da karnen yaro, ku ajiye shi cikin leda saboda ruwa da gara, kuma kafin ku fito ku roƙi ma'aikaci ya nuna muku wurin da ya rubuta ranar komowa.