Daga Soja zuwa Direba: Tarihin Kalmomin Ingilishi Masu Ƙarewa da -er da -or a Hausar Tamale

1.0 Gabatarwa

A Ingilishi akwai kalmomi da dama da suka yi tarayya a haruffan ƙarshe, wato -er ko -or, misali soldier, driver, labourer, doctor da governor. A yawancinsu wannan ɗafa-ƙeya yana nuna mai aikata wani aiki ne, kamar yadda ɗafa-goshin ma- yake yi a kalmomin manomi da maɗinki. Wannan takarda za ta duba yadda irin waɗannan kalmomi suka shiga bakin Hausawan Tamale, da dalilin da ya sa suka ƙare da wasalin -a, da kuma abin da suke gaya mana game da mulkin mallaka a arewacin Gana.

2.0 Hausa da Bariki

Hausa ta riga Turawa zuwa wannan yanki. Fataken goro sun daɗe suna zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar 1892 da yawansu suka watsu zuwa wasu garuruwa. Tamale kuwa garin Dagomba ne, harshensa Dagbani, Hausa harshen zango ce da kasuwa.

Wata hanyar kuma ita ce ta soja. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar da aka sani da sunan Hausawa a Ikko, kuma da irin waɗannan dakaru ya shiga yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga wannan tushe aka samu rundunar Gwalkwas ta 1879, wadda aka sake wa fasali a 1901. Ba dukkan sojojin ne Hausawa ba, amma Hausa ce harshen bariki. Saboda haka, da Turawan Ingila suka mayar da hedkwatar Yankunan Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, zamanin Babban Kwamishina Watherston, Hausa ce ta tsaya tsakanin Bature da jama'ar gari.

3.0 Rukunan Kalmomin

Idan muka jera kalmomin, za mu ga kowane rukuni yana da wurin da ya fito.

Na farko, bariki: soldier ya zama soja, officer ya zama hafsa, commander ya zama kwamanda.

Na biyu, ofis: governor ya zama gwamna, commissioner ya zama kwamishina, messenger ya zama masinja, lawyer kuma lauya.

Na uku, aikin ƙarfi da sana'a: labourer ya zama lebura, carpenter ya zama kafinta, bricklayer ya zama birkila, tailor ya zama tela, driver kuma direba. A nan kalmar lebura ce ta fi nauyi. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki Arewa a matsayin rumbun ma'aikata, aka riƙa kwasar samari zuwa ma'adinan zinariya irin na Tarkwa, da aikin layin dogo, wasu kuma suka bi gonakin koko a Kudu. Direba kuwa ya zama sanannen mutum ne bayan motoci sun fara bin hanyar Kumasi zuwa Tamale.

Waɗannan kalmomi ba Tamale kaɗai ke da su ba, ana amfani da su a Kano da Zariya, domin runduna da tsarin mulkin iri ɗaya ne. Abin lura shi ne, Hausa tana da maɗinki da masassaƙi da magini tun da can. An aro tela da kafinta da birkila ne domin sana'ar ta zo da sabon kayan aiki: keken ɗinki, zarto da ƙusa, bulo da siminti.

4.0 Ina Harafin r Ya Tafi?

Ɗalibi zai iya zaton Bahaushe ne ya kasa furta r a ƙarshen kalma. Ba haka ba ne, domin muna da biyar da har. Dalili shi ne, a karin Ingilishin da hafsoshin Ingila suke yi ba a furta wannan r, sai wani gajeren wasali, kuma a kunnen Bahaushe -a ne ya fi kusa da shi. Soja da lebura ba a littafi suka ga kalmar ba, a bakin Bature suka ji ta. Makarantar gwamnati ta farko a Tamale ma sai a 1909 aka buɗe ta. Shi ya sa kalmomin da ba su nuna mai aiki ba su ma suka bi wannan hanya: motor, number, order da December suka zama mota, lamba, oda da Disamba.

5.0 Jinsi da Jam'i

A daidaitacciyar Hausa yawancin sunaye masu ƙarewa da -a jinsin mace ne, don haka ake cewa mota ta zo. Amma ana cewa direba ya zo idan namiji ne, saboda jinsin mutumin ake bi. A Hausar Gana wannan bambanci ya yi rauni ƙwarai, har za a ji ana cewa mota ya zo. A wajen jam'i kuwa kalmomin sun bi tsarin taga da tagogi: sojoji, direbobi, teloli, lauyoyi, leburori.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa haruffa biyu na ƙarshen kalmar Ingilishi sun koma wasali ɗaya a Hausa domin ta kunne aka yi aron, kuma jerin kalmomin shi ne jerin ayyukan da mulkin mallaka ya kawo Tamale. Ana son ɗalibai su tattaro wasu kalmomi goma masu irin wannan ƙarshe daga kasuwa ko tashar mota, su faɗi asalin kowace, da jinsinta, da jam'inta.