Tafet mai rola

tafet mai rola (suna, namiji, jam'i: tafet-tafet masu rola). Ƙarfen da ke hawa kan kamshaf da 'yar ƙaramar taya, yana ɗaga sandar da ke buɗe bawul. A 2015 gasar NASCAR ta Amurka ta amince da shi a babban rukuninta.

A injin tsere, lagonsa yana cikin tayar. Sifirin ɗin bawul mai ƙarfi da saurin juyi sukan farfasa alluran boris ɗinta, su watse cikin baƙin mai, su cinye injin. Shi ya sa tafet mai bushin maimakon allurai, wanda mai ke isa gatarinsa kai tsaye, ya fi kwantar da hankali. Tafet mai faɗin inci 0.904 yana ɗaukar taya babba fiye da mai faɗin inci 0.842.

*Misali:* Gibin bawul ya ƙaru, Oga, a ciro tafet a duba.