Alfadarai Ashirin Na Kwarin Mutuwa

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya, mu leƙa tarihin wasu bayin Allah da dabbobinsu a hamadar Amurka.

A jihar Kalifoniya akwai wani kwari da ake kira Kwarin Mutuwa, tun lokacin da wasu masu neman zinare suka ɓata a cikinsa a 1849. Zafinsa ba a magana, don a watan Yuli na 1913 an auna shi ya haura digiri 56. A nan ne a 1881 wani talaka mai suna Aaron Winters da matarsa Rosie suka gano boraks, wani farin gishiri mai kama da kanwa da ake sawa a sabulu da gilashi. Suka sayar wa attajiri William T. Coleman wurin a kan dala 20,000, shi kuma ya kafa masana'antar Harmony.

Samun kaya daban, kai shi kasuwa daban. Tashar jirgin ƙasa ta garin Mojave tana da nisan mil 165, ga duwatsu, ga ƙarancin ruwa. Sai manajan wurin, J.W.S. Perry, ya sa aka ƙera wasu irin manyan amalanke, kowanne a kan dala 900. Ƙafar baya kaɗai tsayinta ƙafa 7 ne, wato ta fi dogon mutum, kuma kowane amalanke yana ɗaukar tan 10. Akan haɗa guda biyu, a ɗaura tankin ruwa mai galan 1,200 a baya, nauyin ya tashi wajen tan 36. Kwana goma zuwa, kwana goma dawowa.

Ana cewa alfadarai ashirin, amma in za a bi gaskiya sha takwas ne, biyun da ke dab da amalanke dawakai ne, saboda sun fi jiki da ƙarfin riƙe nauyi. Mutum biyu kacal ke tare da ayarin: mai kora, da yaronsa wanda za mu iya kira karen mota, shi ke jan birkin amalanken baya a gangare, shi ke girki, shi ke ba dabbobi ruwa.

To yaya mutum ɗaya zai sarrafa dabba ashirin a jere? Nan ne abin ya fi burge ni. Bulala ba ta kaiwa gaba. Igiya ɗaya ce tal mai tsayin ƙafa 120, daga hannun mai kora zuwa linzamin alfadarin da ke gaba ta hagu. In ya ja ta a hankali bai saki ba, a karya hagu, in ya fizga-fizga, a karya dama. Sauran kuwa kowanne ya san sunansa, da murya ake ba shi umarni.

Kwana ita ce wurin hatsari. Duk dabbobin a jikin doguwar sarƙa ɗaya suke, in na gaba suka sha kwana sai sarƙar ta nemi miƙewa, ta janyo amalanke ya bar hanya ya daki dutse ko ya rufta rami. Maganin haka, an horar da alfadaran da ke gaban dawakai su tsallake sarƙar tana cikin tafiya, su ja ta wani gefen daban suna takawa a karkace, har sai amalanke ya wuce kwanar, sannan su sake tsallakowa mazauninsu. Mai karatu, ka tuna wannan ita ce dabbar da muke zagi da taurin kai.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba, wato leburori 'yan Sin. Su ke kankare boraks daga ƙasa cikin wannan rana a kan dala ɗaya da 'yan kai a wuni, a ciki ma a cire kuɗin abincinsu, su ne kuma suka farfasa busasshen gishirin kwarin da guduma aka sami hanyar wucewa. In bazara ta tsananta akan dakatar da aikin Harmony, ba don tausayinsu ba, sai don boraks ba ya daskarewa in zafi ya kai digiri 49.

Duk wannan hidima ba ta wuce shekara shida ba, daga 1883 zuwa 1889. Coleman ya karye a 1888, Francis Marion Smith ya saye harkar a 1890. Shi ma ya ci gaba da alfadarai a ma'adinan Borate, ya gwada tarakta mai tururi a 1894 ta ba shi kunya, har dai aka shimfiɗa layin dogo a 1898.

Abin da ya raya sunan talla ce. Wani ma'aikacin kamfanin, Stephen Mather, ya kawo shawarar a manna hoton ayarin a jikin kwalin garin wanki da sunan 20 Mule Team Borax. Aka kai alfadarai baje kolin St. Louis a 1904, aka buɗe shirin rediyo na Death Valley Days a 1930, ya koma talabijin a 1952, har Ronald Reagan ya taɓa gabatar da shi kafin ya zama shugaban ƙasa. Garin wankin yana kasuwa har gobe da wannan suna, tsohon amalanken kuwa yana ajiye a kufan Harmony, 'yan yawon buɗe ido na ɗaukar hoto a gindinsa.