Lasifikokin Gida Marasa Waya: Abin Da Ke Faruwa Idan Kamfani Ya Daina Sabunta Manhaja

Lasifikar gida mara waya, irin ta kamfanonin Sonos da Bose da Apple da Bang & Olufsen, na'ura ce mai sassa biyu waɗanda tsawon rayuwarsu ba ɗaya ba ne. Sashe na farko shi ne mai fitar da sauti: akwati da maganaɗisu da amfilifaya. Wannan kan yi shekaru masu yawa yana aiki muddin ruwa ko wutar lantarki mai ƙarfi ba su taɓa shi ba. Sashe na biyu wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da aka ɓoye a ciki, wadda ke haɗa lasifikar da Wi-Fi, ta karɓi umarni daga waya, ta kuma jawo waƙa ko karatu ko shirin rediyo daga intanet. Ita wannan kwamfutar tsufa take yi da wuri kamar wayar salula, kuma ci gaban aikinta yana hannun kamfanin da ya ƙera ta.

Dalilin haka yana cikin yadda na'urar ke aiki. A lasifikar Bluetooth, wayar ce ke ɗauke da sautin tana tura shi, lasifikar kuwa karɓa kawai take yi. A lasifikar Wi-Fi abin ya bambanta. Idan mutum ya zaɓi waƙa a manhajar kamfanin ko ta Spotify Connect, wayarsa ta zama rimot ke nan. Lasifikar ce da kanta ke zuwa intanet ta ɗauko waƙar, shi ya sa ake iya amsa kira ko fita da wayar waƙa ba ta yanke ba. Kafin hakan ta yiwu sai abubuwa uku sun yi magana da harshe ɗaya: manhajar da ke cikin lasifikar, da manhajar da ke kan waya, da manyan kwamfutocin kamfani da na masu sayar da waƙa a intanet. Duk ranar da ɗaya ya sauya ba tare da sauran sun bi shi ba, wani aiki zai tsaya, ko da lasifikar lafiyarta ƙalau.

Rabuwar S1 da S2

Kamfanin Sonos, wanda aka kafa a 2002 a birnin Santa Barbara na jihar Kalifoniya a Amurka, shi ne ya fi shahara da tsarin kunna sauti ɗaya a ɗakuna da yawa lokaci guda, kuma a kansa matsalar ta fito fili. A watan Janairun 2020 ya sanar da cewa daga watan Mayu zai daina sabunta manhajar tsofaffin na'urorinsa. Cikinsu akwai jerin Zone Player na farko, da Bridge na 2007, da Play:5 na farko da rimot ɗin CR200 waɗanda suka fito a 2009, da kuma Connect da Connect:Amp da aka ƙera tsakanin 2011 da 2015. Hujjar kamfanin ita ce ƙwaƙwalwar na'urorin da ƙarfin sarrafa bayanansu sun kai iyaka.

Abin da ya fi harzuƙa masu saye shi ne cewa tsarin Sonos na buƙatar duk na'urorin gida su kasance kan manhaja ɗaya. Saboda haka tsohuwar lasifika guda a kicin za ta hana sabuwar da ke falo samun sabuntawa. Ga kuma tayin musaya da kamfanin ya fito da shi tun ƙarshen 2019: ragin kashi 30 cikin 100 a kan sabuwar na'ura, da sharaɗin a sanya tsohuwar a wani yanayi da ya kira Recycle Mode, wanda bayan kwana 21 yake kashe ta har abada, ba a iya sayarwa, ba a iya bayarwa kyauta. Kamfanin da ke alfahari da cewa kashi 92 cikin 100 na duk abin da ya taɓa sayarwa na nan yana aiki, sai ga shi yana kashe na'urori masu lafiya da hannunsa.

Cikin 'yan kwanaki shugaban kamfanin na lokacin, Patrick Spence, ya nemi afuwa, ya kuma yi alkawarin ci gaba da gyaran kurakurai da toshe kafofin tsaro a tsofaffin na'urorin iya gwargwadon hali. A watan Maris aka soke Recycle Mode. A watan Yuni kuma aka raba tsarin gida biyu: manhajar S1 ga tsofaffi, S2 ga sababbi. Na'urorin da suka fito a lokacin, wato Arc da Five da Sub na uku, S2 kaɗai suke ji. Mai tsofaffi da sababbi zai iya riƙe su duka a gida ɗaya, amma da manhaja biyu a wayarsa, kuma ba zai iya haɗa ɓangarorin biyu su kunna abu ɗaya tare ba. Wannan haɗawar kuwa ita ce ainihin abin da mutane suka biya kuɗi dominsa.

Suna ɗaya, aiki daban

Ko a cikin na'urorin da ake ci gaba da sabuntawa, tambarin kamfani ɗaya bai nuna cewa aikinsu ɗaya ne ba. Lokacin da AirPlay 2, hanyar da Apple ya samar don tura sauti daga iPhone ta Wi-Fi, ya iso Sonos a watan Yulin 2018, na'urori huɗu ne suka samu: One da Beam da Playbase da Play:5 na biyu. Play:1 da Play:3 da Playbar ba su samu ba, sai dai a haɗa su rukuni ɗaya da wadda ta samu. Haka batun haɗa lasifika biyu su zama dama da hagu: galibi sai samfuri ɗaya. One da One SL suna haɗuwa, amma One ba ta haɗuwa da Era 100 da ta gaje ta. A wajen Apple ma haka ne. HomePod na farko da ya fito a 2018 ba ya yin dama da hagu da na biyu da ya fito a 2023.

Wani lokacin na'urar na iyawa, amma mai sayar da waƙar ne bai bayar ba. Era 300 ta Sonos, wadda ta fito a watan Maris na 2023, an ƙera ta ne domin sautin Dolby Atmos, wanda ke sa mai sauraro jin kamar sauti na zuwa daga gefe da sama. Tana samun irin wannan sautin daga Apple Music da Amazon Music. Mai amfani da Spotify, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Fabrairun 2021, sautin dama da hagu da aka saba zai ji, duk da ya biya kuɗin lasifikar cikakke.

Akwai kuma aikin da shari'a ke ɗaukewa. A watan Janairun 2020 Sonos ya kai ƙarar Google bisa zargin amfani da fasaharsa ba izini, kuma a watan Janairun 2022 Hukumar Cinikayyar Ƙasa da Ƙasa ta Amurka ta yanke cewa Google ya keta haƙƙin ƙirƙira guda biyar. Domin kauce wa haramcin shigo da kaya, Google ya sauya manhajar lasifikokinsa na Nest da Google Home, har masu su suka wayi gari ba sa iya ƙara ko rage sautin rukunin lasifikoki da taɓawa ɗaya. Sai an bi kowace an daidaita. Ba a taɓa komai a jikin na'urorin ba, ta intanet aka shigo aka cire. Sababbin Era 100 da Era 300 kuwa sun fito ba tare da Google Assistant ba, alhali tsohuwar One na da shi.

Shekarar da sabuntawa ta zama matsalar

Darasin 2020 shi ne rashin sabuntawa na iya cutar da mai saye. A 2024 sai aka ga ɗaya fuskar. Ranar 7 ga Mayu Sonos ya maye gurbin manhajarsa ta waya da wata sabuwa fil, gabanin fitar da na'urar saurarensa ta kunne mai suna Ace. Sabuwar ta zo babu abubuwan da mutane suka saba da su shekara da shekaru: saita ƙararrawar farkawa, da lokacin kashe kai da dare, da gyara jerin waƙoƙi, da binciken waƙoƙin da mutum ya adana a kwamfutarsa. Makafi masu amfani da manhajar karanta allo sun koka cewa ba sa iya sarrafa ta. Wasu kuwa lasifikokinsu ɓacewa suke yi daga manhajar, ko a rage sauti sai bayan daƙiƙoƙi ya ragu.

Spence ya sake neman afuwa a watan Yuli. A watan Agusta ya shaida wa masu hannun jari cewa gyaran zai ci tsakanin dala miliyan 20 zuwa 30, kamfanin ya kuma sallami ma'aikata kusan 100. Da aka matsa a dawo da tsohuwar manhajar, sai ya bayyana cewa gwaji ya nuna hakan zai ƙara dagula lamarin, domin an riga an sauya manhajar cikin lasifikokin da ta manyan kwamfutocin kamfanin. Wato hanyar komawa baya ta toshe har ga kamfanin kansa. Ranar 13 ga Janairun 2025 Spence ya sauka, Tom Conrad ya karɓi ragama.

Yadda wasu suka rufe shafin

Ba duk janye tallafi ne ke ƙarewa da asara iri ɗaya ba, kuma bambancin na da alaƙa da ƙofofin da aka bari a jikin na'urar. Lasifikar Invoke ta Harman Kardon, wadda ta fito a 2017 da mataimakiyar murya Cortana ta Microsoft, ta rasa Cortana a farkon 2021, amma sabuntawar ƙarshe ta mayar da ita lasifikar Bluetooth zalla, tana ci gaba da amfani.

Bose ya sanar a watan Oktoban 2025 cewa zai rufe hidimar intanet ta jerin SoundTouch, waɗanda suka fara fitowa a 2013, ranar 18 ga Fabrairun 2026. Bluetooth da kafar AUX da HDMI za su ci gaba da aiki a na'urorin da ke da su. Bayan ƙorafe-ƙorafe kamfanin ya ɗage ranar zuwa 6 ga Mayu, ya ce AirPlay da Spotify Connect za su tsira, ya kuma fitar da bayanan fasahar sarrafa na'urorin domin masu rubuta manhaja masu zaman kansu su gina tasu. Wannan mataki na ƙarshe ya cancanci yabo, ko da yake sai da aka yi surutu kafin a kai gare shi.

Wani lokacin ma babu sanarwa. Ranar 9 ga Maris, 2025, na'urorin Chromecast na biyu da Chromecast Audio na Google suka tsaya a faɗin duniya saboda wa'adin wata shaidar tsaro da ke cikinsu ya ƙare. Google ya gyara cikin kwanaki. Da kamfani ne da ya riga ya rufe, da babu mai gyarawa.

Bang & Olufsen na ƙasar Denmark ya bi wata hanya a Beosound Level ta 2021: an ƙera sashen kwamfutar yadda za a iya cire shi a sa sabo, akwatin da amfilifaya su ci gaba da aiki.

Abin da doka ta tanada

A Birtaniya, tun daga 29 ga Afrilun 2024 doka ta wajabta wa masu ƙera na'urorin da ke haɗuwa da intanet su bayyana mafi ƙarancin lokacin da za su riƙa ba da sabuntawar tsaro. Dokar ba ta ƙayyade yawan shekarun ba, bayyanawa kawai ta tilasta. Dokar Tarayyar Turai ta Cyber Resilience Act, wadda ta fara aiki a watan Disamban 2024 kuma manyan sharuɗɗanta za su hau kan kamfanoni a Disamban 2027, ta sanya shekara biyar a matsayin mafi ƙaranci, sai dai ga kayan da ba a sa ran za su kai haka. Dukkansu kan tsaro suke magana. Babu wadda ta hana kamfani cire wani aiki ko yanke hulɗa da mai sayar da waƙa.

Shi Sonos alkawarinsa shi ne sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan ya daina sayar da samfuri. Lissafin na farawa ne daga ranar da kamfanin ya daina sayarwa, ba ranar da mutum ya saya ba.

Ga mai saye a Najeriya

Wannan lissafin ya fi shafar mai sayen na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka ake kasawa a Computer Village da ke Ikeja, ko Alaba, ko Banex a Abuja, ko Farm Centre a Kano. Lasifikar da mai ita ya rabu da ita a Landan saboda tallafinta ya kusa ƙarewa tana iya isowa nan tana ƙyalli, sautinta garau, farashinta da sauƙi. Gwajin da aka saba yi a shago, a kunna a ji ƙara, ba ya nuna komai game da sauran rayuwar kwamfutar da ke ciki. Wasu ma ba za su gwadu a shagon da babu Wi-Fi ba: Play:1 da One ba sa karɓar waƙa ta Bluetooth, ba su kuma da kafar AUX. HomePod ma haka, kuma sai da iPhone ko iPad ake saita shi, don haka ba shi da amfani ga gidan da kowa ke riƙe da Android. Move ta 2019 ce lasifikar Sonos ta farko mai karɓar waƙa ta Bluetooth, Era 100 kuwa na da Bluetooth da kuma hanyar jona waya ta wani ɗan mahaɗi da ake saye daban.

Ya kamata a tuna cewa lasifikar Wi-Fi na son rauta mai ci a gida, wayar da lasifikar kuma su kasance kan layi ɗaya. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, ko inda intanet ɗin gidan daga wayar maigida yake fitowa, na'urar da ke da Bluetooth ko AUX ce za ta yi magana ranar da sauran suka yi shiru. Kuɗin da aka ƙara saboda mataimakin murya kuwa ba lallai ya biya buƙatar mai son yin umarni da harshensa ba, tunda Siri da Alexa ba sa jin Hausa.

Kafin a biya, a duba cikakken sunan samfurin da zubinsa a ƙasan na'urar ko bayanta, a nemi jerin na'urorin da kamfanin ke tallafawa, sannan a sa mai sayarwa ya goge asusun tsohon mai ita, a saita ta da wayar mai saye a nan take. Play:5 na farko da na biyu ana bambanta su da ido, domin na farkon maɓallan dannawa gare shi a sama, na biyun kuwa shafawa ake yi. Connect na kafin 2015 da na bayansa kuwa kusan kamarsu ɗaya; sai an shigar da shi manhaja ake sanin ko S2 zai karɓe shi.