Kiɗan Jaz: Wanda Faifai Ya Riska da Wanda Ya Tsere Masa

Yau za mu waiwayi tarihin kiɗan jaz, wanda ya tsiro a birnin New Orleans na Amurka, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka.

Masana na ambaton Buddy Bolden, mai busa ƙaho, cikin magabatan wannan kiɗa. Sai dai taɓin hankali ya same shi, aka kai shi asibiti a 1907, ya rasu a can a 1931. Yau babu faifai ko guda da ke ɗauke da busarsa. Labarinta kawai muke ji.

Faifan jaz na farko da ya shiga kasuwa kuwa, Turawa biyar ne suka naɗe shi a New York a 1917. A wancan zamani ba a amfani da makirufo wajen naɗar faifai. Makaɗa kan taru gaban wani babban mazurari, allura na zana sautin a kan kakin zuma. Sai a 1923 King Oliver da yaronsa Louis Armstrong suka samu shiga faifai. A 1925 Armstrong ya yi wa Bessie Smith busa a waƙar "St. Louis Blues", wadda W. C. Handy ya wallafa tun 1914. Faifai ya kai sunansa ko'ina, har ya ziyarci Akra a 1956, dubban jama'a suka tarbe shi.

Mu da muke da tsofaffin mawaƙa a zangunanmu, wayar hannu ta ishe mu naɗe muryoyinsu tun suna raye. Allah Ya ba mu iko.