Waɗanda Ba Su Tafi Ba

A watan Disamba na 1905 Faransa ta haramta saye da sayar da mutum a ƙasashen Yammacin Afirka da ke hannunta. A Damagaram wasu bayi suka naɗe tabarma suka nufi garuruwansu. Da yawa kuwa ko zaure ba su ƙetare ba, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai.

Ba a rasa sanin yadda suka zo ba. Baturen Ingila James Richardson ya sauka Zinder a 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya ga mahara suna shigowa da mata da yara a ɗaure. Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya ja ganuwar Birni ya tara bindigogi da igwa, fataken Tarabulus na kwasar mutane tare da fata da gashin jimina. Ba kowa aka ƙetara Sahara da shi ba. Wani ya zama bawan sarki mai riƙe da bindiga, wata kuyanga, wata sa-ɗaka, ƴaƴan da aka haifa a gida suka tashi cucanawa.

Mu a Dakusa, kakata ta taso ta tarar da wata tsohuwa a gidan maƙwabtansu, wadda aka kamo tana yarinya, tana korar tsuntsaye a gonar gero. Baba take kiran mutumin da ya saye ta. Ranar da ya rasu ta fi ƴaƴan cikinsa kuka. Amma in hira ta yi nisa sai ta janye mayafi ta nuna wa yara tabon igiya a wuyanta, ta faɗi wanda ya ɗaura. Ta san sunan garinsu sarai. Abin da ba ta da shi a can shi ne wanda zai gane ta, ga kuma kabarin ɗanta a nan.

Masana halayyar ɗan Adam sun laƙaba wa irin wannan shaƙuwa sunan birnin Stockholm, inda a 1973 ma'aikatan banki da aka yi garkuwa da su kwana 6 suka koma kare ƴan fashin. Ni dai ban yarda a kira tsohuwar nan ruɗaɗɗiya ba. Kwana 6 daban, rayuwa guda daban. Ta auna tuwon da ke gabanta da dajin da ke tsakaninta da gida, ta zauna da idonta biyu, ƙaunar ta biyo baya, ba ta kuma goge tabon ba.

Fadar ma ta ga nata. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa, suka damƙa riƙon ƙasa ga Ballama, bawan fada, baba, wanda bauta ta hana shi zuriya. Bai rushe gidan ba. Ya riƙe shi shekaru, kafin sarauta ta koma hannun zuriyar Tanimun a 1923.